Magen Rumbu

A gidan surukaina, can cikin gonakin Kunci, mage ta fi wasu mutanen daraja. Ita ke tsare rumbun dawa daga ɓeraye. Baba, mahaifin mijina, kan ce dabba ce mai tsarki. Kare kuwa ko ƙofar gida bai isa ya taka ba.

Wata rana da hantsi ina surfe, 'yata ta fari ta shigo tana kuka, jini a yatsa. Magen ce ta cije ta a gindin rumbu, ba tsokana ba komai. Dama na lura magen ta canja, tana dalalar da miyau, tana kai wa kaji hari. Na wanke yatsan, na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, na ji a rediyo an ce a kai asibiti a yi allura. Wai mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare."

Ya yi dariya. "Haba 'yar nan. Magen da muke alwala da ragowar ruwanta?"

Inna, uwar mijina, ta harare ni. "A kan 'yar fari kike wannan rawar kai? Ina kunyarki?"

A wajenmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Na dubi mijina, ya sunkuyar da kai. Aka shafa toka, aka ɗaure da tsumma. Magen ta ɓace, ba wanda ya tambaya.

Yatsa ya warke tas, Inna har tana yi mini gori. Sai bayan girbi zazzaɓi ya kama yarinyar. Na miƙa mata ruwa, ta ture kofin, maƙogwaronta yana shaƙewa, ga ƙishirwa tana cin ta. A ranar kam, nan da nan aka samo mota. Likita ya ji labarin cizon, ya ce allurar kafin ciwon ya bayyana take aiki. Yanzu sai addu'a.

Wajen zaman makoki mata suka yi ta yaba mini, wai ko hawaye ban yi a gaban mutane ba, na cika mai kunya. Har yau ban yafe wannan yabon ba. Sunanta sau ɗaya na taɓa kira da ƙarfi, a gadon asibiti, lokacin ta daina gane muryata.