Teburi Mai Taya

Bai taɓa riƙe sitiyari ba, keke ma sai da addu'a yake hawa, amma a ofishin tantance 'yan fansho kowa Direba yake kiransa. Shi kuma yana amsawa da fara'a, har da ɗaga hannu.

Ga yadda sunan ya samo asali. Dokar aikin ita ce kowane tsoho mai karɓar fansho ya zo da kansa, ya dangwala yatsa a na'ura, don a tabbatar yana nan da ransa. A da, layi suke yi a tsaye a bakin taga tun da safe. Wata rana wata tsohuwar nas ta gaji, ta zauna dirshan a ƙasa a tsakiyar layi, ta ce wanda yake son yatsanta ya zo ya same shi. Direba, wanda a lokacin ba Direba ba ne tukuna, ya ɗauko na'urar ya fito ya same ta. Da sauran suka ga haka, su ma suka nemi wuri suka zauna. Ya wuni yana sunkuye, ya koma gida bayansa ba ya miƙuwa.

Washegari ya shiga sito, ya kwance tayoyin wata karyayyiyar kujera, ya kai wa mai walda tare da wani ƙaramin teburi. Tun daga nan tsofaffi suke zama a benci ƙarƙashin rumfa, kowa bisa zuwansa, shi kuma ya ɗora na'urar a kan teburin, ya turo shi yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Taya guda tana ƙara, ya ƙi sa mata mai, wai masu raunin gani da ita suke gane ya kusa. Yana son aikin nan, ba ya ɓoyewa. Ya san mai ciwon gwiwa, ya san wadda jikarta ta haihu, ya san wanda sai an goge masa yatsa da tsumma mai laima kafin na'ura ta yarda da shi.

Wani abin da ya ƙara masa son wurin shi ne kusancinsa da gida. Da rana ta take, sai ya rufe na'ura ya taka da ƙafa ya je ya ci abinci tare da Inna, mahaifiyarsa, wadda idonta ya daɗe da mutuwa. Ita kuwa ba ta sa komai a baki sai ta ji sallamarsa. Matarsa ta yi lallashi ta gaji, ta koma tsokana.

"Inna, angonki ya iso, sai a ci abinci."

"Ke dai kishi zai kashe ki," in ji Inna.

Ana nan sai ma'aikatar ta fito da sabon salo, wai za a riƙa auna sabbin dabaru a ofisoshin gwamnati, a ba kowane ofishi maki. Mutanen da suka shekara ba su gyara fankar rumfa ba, su ne za su auna basira! To amma ba wannan ne ya tayar wa Direba da hankali ba. Ya ga abin da ya faru da Dogo, abokin aikinsu da ya ƙirƙiro katin lamba na masu jira. Makinsa ya yi sama, aka tafa masa, aka ɗauke shi zuwa hedikwata, can ɗaya ƙarshen gari. Yanzu Dogo yana wani ɗaki marar taga yana rubuta rahoto a kan rahotannin wasu, kuma 'ya'yansa sai ranar hutu suke ganinsa ido biyu. In aka kai Direba can, cin abincin rana da Inna ya ƙare ke nan.

Don haka da aka ce mai awo za ta zo, ya tura teburin cikin sito ya lulluɓe shi da tsohon labule. Shugabar ofis ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Kowa yana neman abin da zai nuna, kai kana ɓoye naka?"

"Ranki ya daɗe, na yau ne kawai."

Ta girgiza kai ta wuce, don ta san dalilinsa.

Da safe tsofaffi suka zauna a benci kamar kullum, aka ce su tashi su yi layi a taga. Suka tashi suna gunaguni. Wani tsohon hedimasta ya leƙo kansa ta tagar.

"Ɗan nan, ina motar?"

"Tana gareji, Baba."

"Ikon Allah. Jiya-jiya lafiyarta lau."

Mai awo ta iso ba tare da hayaniya ba, mace ce mai matsakaicin shekaru, da jaka a kafaɗa. Ta gaisa da kowa, ta ja kujera gefe ta zauna tana kallo. Direba ya duƙufa kan na'ura, ya ƙi ɗaga kai, don ya san abin da zai gani. Amma kunne ba ya rufuwa. Yana jin sandar wani tana ƙwanƙwasa siminti, yana jin wata tana cewa a riƙe mata wuri za ta ɗan jingina. Da ya ɗago don karɓar katin na gaba, sai ya hango wani dattijo a can baya ya dafa bango da hannu biyu, ƙafafunsa suna rawa. Kunya ta kama Direba har cikin ƙashinsa. Ya miƙe, ya nufi sito, ya yaye labulen.

Da tsofaffi suka ji ƙarar tayar nan, rumfa ta kaure da shewa.

"An gama gyara!" in ji hedimasta, yana komawa benci.

Mai awo ta bi shi a baya har ya gama da mutum na ƙarshe, sannan ta fara tambaya. Tun yaushe? Wa ya ba da izini? Masu jira sun ragu ko dai sun daina jin jiran ne? Ya amsa da gaskiya.

"Akwai wani ofishin da ya kwaikwaya?"

"Babu, Malama."

"To ka yi haƙuri. An canja yadda muke awo. Dabarar da ba ta fita daga inda aka haife ta ba, ba ma ƙirga ta. A wurina wannan sifili ne."

Direba bai san lokacin da ya washe baki ba. Tunda yake, bai taɓa jin kalma mai daɗin wannan sifilin ba. Har bakin ƙofa ya raka ta, yana ta sa mata albarka. Ta tsaya tana gyara jakarta.

"Shugabarku ta gaya mini dalilinka, kuma ban ga laifinka ba. Sai dai da na ga teburin nan, babana na tuna. Shi a ofishin bayan tashar mota ake tantance shi. Duk zuwan da zai yi, kwana yake ƙafafunsa a kumbure." Ta ɗan yi murmushi. "Ba roƙonka nake yi ba. Magana ce ta zo."

Ya isa gida a makare, ya tarar Inna ta tasa abinci a gaba ba ta taɓa ba. Ya zauna, ya ba su labari tun daga labule har zuwa sifili, matarsa tana dariya har da riƙe ciki. Da ya zo kan maganar baban mai awo, muryarsa ta yi ƙasa. Ya riƙa juya cokali a kwano.

"Abin da ka nema ka samu," in ji matarsa. "Me kuma ya hana ka ci?"

"Teburi ne kawai da taya huɗu. Wuni guda ya ishe ni in je ofishin can in nuna musu. Amma in suka ɗauka, za a ƙirga. In aka ƙirga, kin san sauran."

Matarsa ta dubi Inna. Inna ta gama tauna abin da ke bakinta a hankali, ta laluba ta ajiye cokalinta.

"Tsohon nan, ƙafa ɗaya ce ko duka biyun?"

"Duka biyun, Inna."

"Kuma su nawa ne irinsa a can?"

"Suna da yawa."

"To ka je ka nuna musu."

"Inna, in aka ɗauke ni, ba za ki gan ni da rana ba. Sai yamma, wata ran ma bayan yamma."

"Da can ganinka nake yi?" Ta miƙa hannu ta lalubo gwiwarsa, ta ɗan bubbuga. "Zan ji babu daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni a zaune nake jiranka. Shi a tsaye yake."