Rigar da Ta Rage a Maratayi

Duk wanda ya taɓa shiga zauren wasanni na tsakiyar gari a lokacin sanyi ya san Uwar Riguna, ko da bai san ya santa ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai tabarau da ke bayan kanta, hannunka na hagu in ka shigo. Ka cire rigar sanyinka ka miƙa mata, ka shige ciki ka sha kallo, ka fito ta miƙo maka abarka. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki. Ma'aikatan zauren ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida, 'yarta ma in tana jin tsokana haka take kiranta.

Ba ta ba da lamba. Manaja bayan manaja sun sha kawo mata 'yan katunan nan masu lamba, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta zuba a aljihun tebur. Ita mutum take kallo. Wanda ya shigo da yara, rigarsa kusa da kanta, don shi zai fara fitowa, yaro ya matsa masa da fitsari. Saurayi da budurwa can ƙarshe, su ba sa gaggawa. Malaman makaranta wuri ɗaya, don tare suke fita suna gardamar ko wasan ya yi ma'ana. Riga ɗari uku a wuni, kuma je ka tambaya, ba a taɓa jin ta ba wani ta wani ba. In ka yaba mata sai ta taɓe baki ta ce, "To da me zan yi da idon?"

In sanyi ya kankama, kakarta ta yanke saƙa. Hukumar gari kan shirya makonni shida na shagali don kada mutane su ƙule a ɗaka tsakiyar gari ta mutu: wasan kwaikwayo a zaure, nunin zane-zane a shagunan da ba kowa, waƙoƙin 'yan makaranta, rumfunan masu saƙa da masu ginin tukwane a dandali. Kowa da rigarsa mai nauyi, kowace riga kuma sai ta bi ta hannunta.

Mijinta shi ne Baba Direba, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan bas ɗin gari bai taɓa taka ko kaza ba. Shekara uku da suka wuce mantuwa ta yi masa sallama. Da fari makulli ne, sai sunayen jikoki, sai ranar da ya kunna murhu ya ɗora butar roba ya fita ƙofar gida ya zauna abinsa. Autarsu ma'aikaciyar jinya ce, aikinta bai san Asabar ba bai san Lahadi ba. Ta samo mai zama da shi, Baba ya kore shi a kwana na biyu, wai ɓarawo ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da sanyin bana ya shigo, Uwar Riguna ta fara zuwa aiki da mijinta.

Kullum sukan iso kafin jama'a. Ta cire masa rigarsa ruwan toka ta rataye a maratayin ƙarshe, ta kai shi kujerar ƙarshe ta layin baya, kusa da hita, ta ce, "Malam, kada ka tashi sai na zo." Kuma ba ya tashi. Yana son kallo, ko wasa ɗaya aka maimaita sau goma shi sabo ne a wurinsa, kullum a wuri guda yake fashewa da dariya. Manajar yanzu yarinya ce sa'ar Auta, mai saurin tafiya, waya kullum a kunne. Uwar Riguna ta ce mata tsohon ne ya zama mayen wasan kwaikwayo tun da ya ajiye aiki. Gaskiyar kuwa ta haɗiye ta, don tana tsoron a ce mata zaure ba gidan jinya ba ne, ta zaɓa tsakanin aiki da miji. Ta san wanda za ta zaɓa, shi ya sa ba ta so a tambaye ta.

Asabar ta huɗu ta shagalin, wasan ƙarfe biyu na rana, zaure ya cika ba masaka tsinke. Sanyin ranar ba a magana, ruwan kwata ya daskare, numfashi na fita a baki kamar hayaƙi. Da aka tashi jama'a suka yo kan kanta gaba ɗaya. Ana tsaka da haka wata mata ta tsaya kai da fata sai an nemo mata safar hannunta ɗaya, wai a aljihu ta bar ta. Aka duba ƙasa, aka zazzage aljihu, layi ya tsaya cak. Ashe safar na hannunta na hagu, ta haɗa ta da jaka ta riƙe. Ko haƙuri ba ta bayar ba, 'yar rainin hankali.

Da ƙafa ta ɗauke, maratayai suka yi fayau, saura riga ɗaya ruwan toka. Wannan ba sabon abu ba ne, kullum ita ke raguwa. Uwar Riguna ta ɗauke ta ta shiga zaure tana cewa, "Malam, tashi mu je." Kujera ba kowa. Hularsa na ƙasa. Ƙofar gefe, wadda ake buɗewa in mutane sun yi yawa, tana buɗe hanhai, iska na shigowa.

Mutum mai shekara saba'in da huɗu, mai ƙirjin da ko ruwan sanyi ya sha sai ya kwana tari, ya fita cikin wannan masifa da 'yar riga shara-shara, kuma in ka tsare shi ka tambaye shi gidansu ba zai iya faɗa ba.

"Dogo! Ina Baba?"

Dogo maigadi ya ɗora hannu a ka. "Wallahi Inna an kira ni ɗaukar ganguna ne. Minti goma kacal!"

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta fita da rigar rungume a ƙirji, tata kuwa ko tunawa da ita ba ta yi ba. Tsallaken titi tashar bas ce, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. In ya hau, layin nan sai bayan gari yake dire mutum, inda ba gida ba rumfa. Mai shayin kusurwa ya ce ya ga wani tsoho ya tsallaka, amma ba zai rantse ba. Masu jira a tasha suka ce mota biyu sun tashi yanzun nan. Ta faɗa shagon nunin zane, ta leƙa wajen mai littattafai, ta bi wani mai furfura har bakin banki, ya juyo, ba shi ba ne. Duk addu'ar da ta zo bakinta yi take, wata ma ba ta kai ƙarshenta sai ta kama wata.

Da ta dawo bakin zaure haƙoranta na haɗuwa, ga Manaja a tsaye. Nan fa ido ya raina fata. Ba sauran ɓoye-ɓoye.

"Ranki ya daɗe, na yi miki ƙarya. Malam ba shi da lafiya. Mantuwa ce, ba ya gane hanya. In kora ce ki kore ni gobe, amma yau ki taimake ni."

"Haba Inna," in ji Manaja. "Kujerar nan tun makon farko na hana a sayar da tikitinta. Wa kike zaton ya ce wa Dogo ya riƙa tsayawa a bayansa? Kakata ma haka ta yi. Muna jira ne ki faɗa da bakinki."

Wato duk laɓe-laɓen da Uwar Riguna take yi, zaure gaba ɗaya kallonta kawai ake! Kunya ta kama ta, amma wani nauyi da ta shekara uku tana ɗauke da shi ita kaɗai ta ji ya sauka daga wuyanta. Saura babban, nemo Malam.

Wayar nan ta Manaja da Uwar Riguna take jin haushinta, ranar ta yi rana. Manaja ta kira ofishin bas ta ce a sanar da direbobi. Ta leƙa bayan dandamali ta kwatsa wa 'yan wasa kira, suka fito yadda suke, ba wanda ya tsaya canza kaya. Sai ga sarki da kambin kwali ya yi gabas, boka da gemun auduga ya yi yamma, zaki ya naɗe jelarsa a hannu ya nufi dandali, kowa na ihun "Baba! Baba Direba!" Mutanen titi suka ɗauka wasan ne ya fito waje, har da masu tafi.

Zakin ne ya dawo yana haki, ya tura kan zakin baya, gumi na zuba a wannan sanyi. "Inna, taho! Yana nan, lafiyarsa lau!"

Zaki ya riƙe ta a dama, Manaja a hagu, suka ratsa rumfuna. A bayan masu tukwane akwai wata tsohuwar bas da aka janyo aka ajiye don yara su yi mata fenti. Ba inji, tayoyi a sace, jikinta duk kifaye da furanni da hannuwan yara. An sa hita a ciki, gilasanta sun yi gumi. Ita da take wuni a bayan kanta ko labarin motar ba ta taɓa ji ba.

Mai zanen da ke kula da yaran ta tarbe su a ƙofa. "Naku ne? Ai na ɗauka ɗan wasa kuka turo mana! Shigowa ya yi ya ce wa yaron da ke kan sitiyari ya ba manya wuri. Ya gyara madubi, ya zaunar da kowa, ya hana leƙe ta taga. Yaran da tun safe na kasa tanƙwarawa! Na ga yana rawar sanyi na yafa masa bargo. Sai dai fa ya ƙi tashi. Sun yi ta 'Mu tafi, mu tafi,' ya ce shi ba inda za shi, saura fasinja ɗaya."

Uwar Riguna ta kama ƙarfe ta hau. Ga shi nan zaune, bargo duk fenti a kafaɗa, hannu biyu a kan sitiyari, bayansa a miƙe yadda ta manta rabon da ta gan shi. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Tun daga bakin banki take tanadin faɗan da za ta yi masa, ta jera shi tsaf. Ya ɗaga ido ya kalle ta ta madubi. Watannin nan wani lokaci Yaya yake ce mata, sunan yayarsa da ta rasu tuntuni, wani lokaci ya gaishe ta kamar baƙuwa.

"Kullum ke ce ta ƙarshe," ya ce. "Sau nawa zan gaya miki ki riƙa fitowa da wuri? Mutane na ta zagina saboda ke."

Faɗan ya bi ruwa. Shekara arba'in da wani abu da suka wuce, tana budurwa tana koyon ɗinki, kullum a makare take fitowa, shi kuma sabon direban motar safe ya tsaya yana ta goge gilashin da ba datti, fasinja na tsine masa, har sai ya hango ta da gudu. Ita ma kanta ta daɗe ba ta tuna ba.

"Yi haƙuri, Direba," ta ce. "Aiki ne ya riƙe ni."

Ta cire bargon, ta zura masa rigarsa hannu ɗaya bayan ɗaya, ta ɓalla maɓallai har wuya. Ta taɓa kumatunsa, da ɗumi. Ta taɓa yatsunsa, da ɗumi. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, ga dariya kuma, ta rasa wanda za ta fara, ta yi ta maimaita alhamdulillahi. Manaja ta juya baya tana kiran ofishin bas ta ce a bar nema. Zaki ya share ido da jelarsa.

"Baiwar Allah, ba a tsayuwa a motata," in ji Baba. "Samu wuri."

Wata yarinya mai fenti a hanci ta matsa mata. Uwar Riguna ta zauna a kujerar da ke bayansa daidai, ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Ya duba madubi, ya ƙirga kawuna, ya duba hagu.

"To, yanzu mun cika," ya ce.

Yara suka ɗauki ƙarar inji da bakinsu, ya murza sitiyari.