Dutsen Bahago

Yayana Bahago ya shekara tara yana wanke-wanke a jirgin ruwa. Da ya dawo Kusfa a 1983 sai ya kama facin keke, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Ya ce a ƙarƙashin teku akwai duwatsu da suka fi dutsen Kufena tsayi, suna aman wuta, wutar ta daskare ta zama dutse mai huji-huji. Ya ce wata safiya jirginsu ya ratsa irinsa yana yawo a kan ruwa, har ya ɗebo guda da bokiti. Wuta a cikin ruwa? Unguwa ta sa masa suna Na-Teku, ni ma da bakina a ciki. Idan aka ce ya kawo dutsen a gani, sai ya ce maganarsa ta isa. Taurin kai ne da shi tun muna yara.

A 1989, ranar ashirin da tara ga azumi, ya ga jinjirin wata. Mai unguwa Shehu ya ce ba zai kai shaidar mutumin da ke cewa dutse na iyo ba. Ran nan ne kawai na ga Bahago ya sauko. Da gari ya waye ya ce wa matarsa Rakiya ta ɗauko dutsen a akwati. Rakiya ta yi tsuru-tsuru. Ashe shekara shida dutsen yana makewayi, da shi take goge kaushi. Ya dawo kamar dabino, ya sha ruwa da sabulu ya ƙoshi.

Haka ya kawo shi ƙofar mai unguwa. Aka kawo kwano da ruwa, ya saka. Dutsen ya nutse har ƙasa.

"Wallahi yana iyo," in ji shi, a hankali.

Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa. Ya koma gida ya wurga dutsen kan soro, bai sake zancen teku ba har ya rasu a 1994.

Bara muna yaɓen soron na tsinci dutsen, rana ta busar da shi ƙayau. Na jefa shi cikin garwar ruwan kwaɓi don in wanke. Bai nutse ba. Na danna shi da yatsa, ya taso. Na sake dannawa, ya taso. Na zauna daɓas a cikin laka. Magina suna ta tambayata lafiya, ni kuwa na rasa wanda zan kira ya gani.