Bushiyoyin da Na Tara a Gidan Kawu

Katin farko da na mallaka a gidan Kawu daga ƙasa na tsince shi, kusa da murhu, gefensa ɗaya ya sha toka. Hoton bushiya ne a jiki, ta ɗan leƙo da hanci, idanunta kamar ɗigon tawada. Na goge shi da bakin zane na soke a ƙugu. Ban ma san abin da ake yi da shi ba.

Lokacin ba mu daɗe da zuwa Talata Mafara ba, ni da Inna. Ƙauyenmu yana can bayan Maradun. Ba zan faɗi abin da ya fito da mu ba. Duk mai zama a ƙasarmu ya san irin abin da ke sa mutum ya bar gyaɗarsa a gona ba a cire ba. A shekarar na gama sakandare. Ban fito da takardata ko ɗaya ba, sai wani abu da ya biyo ni: in babur ya wuce ta bayan katanga, sai in saki duk abin da ke hannuna. In biyu ne a jere, sai dai in tsinci kaina tsugune a bayan randa, ban san lokacin da na je ba.

Kawu wan Inna ne. Ya ba mu ɗakin da ake ajiye buhunan shinkafa, ya ce mu zauna har Allah ya kawo sauƙi. Babban ɗansa sa'ana ne, watanni kawai ya ba ni. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, taubasai ke nan. Tun muna ƙanana, in sun zo ƙauye da salla, baiwarsa yake ce mini, ni kuma in ce masa mai kan tulu. Wasa ne da muka tarar, kuma kowa ya san ƙa'idarsa: ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne bai san zumunci ba.

Kullum bayan la'asar taubashin nawa yakan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ya tara ƙannensa su yi kati. Katunan a cikin ledar cingam suke zuwa, ranar kasuwa ake sayo su. Rubutun jikinsu ba wanda ya iya karantawa, don haka yaran unguwa suka tsara dokarsu da kansu. Kowane kati dabba ce, da lamba biyu: ta sama ƙarfin cizo, ta ƙasa yawan rai. Kowa na da kati ashirin, su ake kira garke. Za ka ajiye dabba uku a gabanka, in layi ya zo kanka ka ciji ɗaya daga cikin na abokin wasanka. Kuma ba a ƙin cizo, dole ne. Wanda garkensa ya ƙare an cinye shi, wanda ya ci kuma ya zaɓi kati guda daga na wanda ya faɗi.

Garken taubashina ba a magana. Zakuna, kuraye, kada, giwa mai haure har ƙasa. Har unguwannin bayan kasuwa an san shi.

Na daɗe ina kallo daga bakin ƙofa kafin ƙanwarsa ta jawo hannuna. Na zauna, na fito da katina.

Ya kalla, ya kwashe da dariya har yana dukan tabarma.

"Wagga ce dukiyarki, baiwata? Bushiya? Ni na yada ta. Cizonta ɗaya tak, ko sauro ya hi ta."

"To mi ne ne wannan ƙayar da ke gefe?" na tambaya.

"Wanda ya cije ta, rabin cizonsa ya koma mai. Sai mi? Zaki ya cije ta sau guda ta mace, ya lashe bakinsa ya wuce."

Suka ara mini tarkacen da ba mai so, na cika ashirin. Ya cinye ni kafin a gama tankaɗen garin tuwo. Da ya zo zaɓen kati, ya juya su da ɗan yatsa ya ce ko kyauta ba ya so.

Amma maganar ƙayar ta zauna mini. A gonar gyaɗarmu na sha ganin kare da bushiya. Ƙaramin kare yakan shinshina ya tafi. Babban, mai jin kansa, shi ke kai hari da dukan ƙarfinsa, shi ke komawa gida baki na jini. Na lura garken taubashina duk manyan karnuka ne. Iya ƙarfin cizonka, iya ciwonka. Matsalar kawai bushiyar mutuwa take yi.

Sai na gano katin rami. Ba dabba ba ne, hoton rami ne kawai, shi ya sa yara ke jin haushi in sun buɗe cingam suka same shi. In an ciji dabbarka ka ɗora mata rami, ta tsira. Na tambayi ƙanwar tasa, in bushiya ta shiga rami, ciwon ƙayar fa? Ta ce ai wanda ya ciza ya riga ya ciza. Akwai kuma kunama, wadda ba ta iya komai ga lafiyayyen dabba, amma in ta sami mai rauni ta gama da shi.

Na shiga tara su. Na iya kitso, to 'yan matan maƙwabta in na yi musu shuku ko zane, sai in ce su karɓo mini bushiya ko rami wajen ƙannensu. Wata rana Kawu ya dawo kasuwa ya miƙo mini cingam, na buɗe na ga kada. Nan take na yi musayarsa da bushiya biyu da rami ɗaya wajen ƙanen taubashina. Ranar har matar Kawu sai da ta ji labari. Ta ce, "Ɗiyar ƙauye dai, a ba ta sa ta ce akuya take so."

Da garkena ya haɗu, bushiya biyar ne, ramuka masu yawa, kunamu uku, sauran kuma ƙananan abubuwa na toshe gurbi. In na baje su a tabarma, kamar an share ƙarƙashin rumbu.

Ranar da na fara gwada shi, na ajiye bushiya uku a jere. Taubashina ya duba, ba abin da zai ciza sai su, kuma ba a ƙin cizo. Ya saki zaki. Na ɗora rami. Ya sake, na sake. Kunama ta fito ta ɗauke zakin. Ya saki giwa, ita ma haka.

Ina cikin lissafin raunin giwar, sai na ji tsakar gidan ta yi shiru. Na ɗaga kai. Inna na tsaye da faifai a hannu tana kallona, ƙannen nasa ma ni suke kallo.

"Babura ne sunka wuce," in ji ƙanwar tasa. "Har uku. Ba ki ji ba?"

Ban ji ba. Wallahi ban ji ba. Tun da muka baro gida wannan ne karon farko. Inna ta juya ta ci gaba da sheƙarta, amma na ga tana goge ido da kafaɗa.

Daga ranar, tabarmar nan ta zame mini wani abu da ban san sunansa ba. Tun azahar nake duban inuwar dogon yaro, ina jiran ta kai bakin rijiya. In na zauna na riƙe garkena, duniyar duk takan tsuke ta dawo faɗin tabarma, kuma a faɗin nan na san abin da zai ciji wani da abin da zai biyo baya.

Na cinye shi ranar, na cinye shi washegari. Da farko dariya yake yi, yana cewa sa'ar baiwa ce. In na zo zaɓen kati ba na taɓa zakunansa, don ba ni da abin yi da su. Rami nake nema, ko kunama in yana da ita. Na ɗauka sauƙi nake masa. Ashe wannan ya fi masa ciwo. Ƙannensa suka kai labari waje, abokansa na zaure suka fara tambayarsa ko uwargijiyarsa ta ba shi izinin fitowa.

Ya sake garke, ya ƙara manya. Abin ya ƙara lalacewa.

Wata la'asar Kaka, mahaifiyar su Inna, tana zaune kusa da mu tana ɓarar gyaɗa. Ba ta san kan wasan ba, ta dai ji ana ta bushiya, bushiya.

"Kai, mijin banza," ta ce masa, "bushiya ce ta gagare ka? Mu da muna yara, in ta dunƙule ruwa muka jefa ta. Da kanta za ta buɗe, tana neman numfashi. Sai ka ga cikinta hwari tas, laushi awa na jinjiri."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya tattara katunansa a hankali, yana daidaita gefensu.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya bi Kawu gonar shinkafa a Bakura. Da suka dawo, na gan shi da ƙaramin buhu ya ɗaure bakinsa. Na shimfiɗa tabarma da kaina, na zauna da garkena. Maimakon ya ɗauko nasa, sai ya jawo bokiti cike da ruwa ya dire a gabana.

"Baiwata, na kawo maki tsaraba. 'Yar'uwarki ce."

Ya zazzage buhun. Bushiya mai rai ta faɗo a dunƙule, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, ƙasar gona a ƙayoyinta. Yara suka yi ihu suka kewaye. Ya sa faifai ya kwashe ta, ya sake ta cikin bokitin.

Kaka ba ta yi ƙarya ba. Nan take ta buɗe. Ƙafafunta ƙanana suna ta kokawa da ruwa, hancin a sama, tana kewaya bokitin tana karce jikin roba. Ya ɗauko muciya ya danna ta ƙasa. Ya saki, ta taso. Ya sake dannawa.

"Yaya, don Allah."

"Yau kuma ni ne Yaya? Ina mai kan tulu?"

"Don girman Allah ka fid da ta."

"Ɗora mata rami mana. Ba kina da su da yawa ba?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Matar Kawu ta fito daga madafa tana riƙe da ciki. Kaka na cewa, "Taubasai dai ba su gajiya." Na nemi Inna da ido. Tana bakin ɗakinmu, ita ma ta ɗan buɗe haƙora, irin dariyar da baƙo ke yi in masu gida na yi.

Ya miƙo hannun hagu, na dama na kan muciya. "Biyar ɗin nan. Ki ba ni su, in sake ta."

Na riƙe garkena da hannu biyu. Ban ba shi nan take ba. Na tsaya ina kallon kumfar da ke tasowa, ina jin abin da zan rasa, kuma ba wanda zan iya yi wa bayaninsa a wurin. Wa zai gane? Katin cingam ne. Da ta taso a karo na gaba, ba ta ƙara kewaya bokitin ba, tsayawa ta yi wuri ɗaya tana motsa ƙafa guda.

Na zaro su na ba shi.

Ya ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Sannan ya sake su cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya. Takardar ba ta da wani kirki, nan da nan launin ya narke, ruwan ya koma ja-ja. A daidai lokacin wani babur ya shigo lungu da gudu ya ja birki a ƙofar gida. Abokin Kawu ne, na ji daga baya. Ni dai a bayan randa na tsinci kaina, kaina tsakanin gwiwoyi, ina jin dariyar ta ninka.

Da kowa ya watse don alwalar magariba, na fito. Ya juye bokitin a bakin rariya. Tana kwance a gefe ɗaya cikin dagwalon takarda, tana numfashi. Na sa ɗan yatsa na taɓa cikinta, farin nan mai laushi. Ba ta dunƙule ba. Na sake taɓawa. Ta bar ni. Na ɗauke ta a gefen zane na kai ta bayan katanga, cikin ciyawa. Ban koma na duba ba.

A ɗaki Inna ba ta bari na buɗe baki ba.

"Wasa ne," ta ce. "Taubashinki ne. Kada in ga kin ɗaure ma kowa huska. Tuwonsu muka ci, ɗakinsu muka kwana. Kina jina?"

Na ce ina ji.

Washegari bayan la'asar taubashina ne ya shimfiɗa tabarmar, shi ya kira ni. Fuskarsa a sake, har da guntun rake ya ajiye mini. Ya ware wasu daga cikin nasa, zaki biyu, kura, har da kadan nan da na taɓa bayarwa, ya turo gabana.

"Ga garken mutane. Ki yi wasa awa kowa."

Kawu na wucewa ya gani, ya ce Allah ya yi masa albarka, haka ake riƙon 'yar'uwa.

Har yanzu muna gidan. Har yanzu ina zama a tabarmar, don ranar da na ce kaina na ciwo, Inna ta bi ni ɗaki da kallon da ya sa na fito. Zakunana sun kusa kai nasa ƙarfi, amma na san wanda zan ajiye da wuri don ya mutu. Yana cinye ni, ya zaɓi kati, washegari ya mayar mini don wasan ya yi daɗi. Gidan lafiya lau.

Sai dai yanzu a kan tabarmar ina jin kowane babur, tun daga kwanar masallaci har ya wuce mai niƙa. Nakan riƙe katunan ina ƙirga ko ɗaya ne ko biyu, har sai ya ƙwanƙwasa tabarma da ɗan yatsa.

"Ciza mana, baiwata. Ke aka jira."