Askar Fuskar Inna

Tun ina da cikin ɗiyata nake tsoron gara za ta cinye fuskar mahaifiyata. Hoto ɗaya ta bari a duniya, an ɗauke shi a kasuwar Korgom, duk ya karce.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki damina ta yi gardama, maigidana ya tafi ci-rani ya bar mini wayarsa. Na kasa zama wuri ɗaya. Wata maƙwabciya ta saka ni cikin gurup ɗin mata masu koyon gyaran hoto a waya. Karatuna bai yi nisa ba, sai in hau tudun bayan gida neman rezo, wato sabis ɗin waya, in saurari saƙonnin muryarsu, goyo na kuka. Na iya yanke hoto, na iya ƙara haske da jera furanni a gefe. Goge karce ne ya gagare ni.

Malamarmu ta ce, "Turo mini hoton, ƙanwata, ki ga aiki."

Ta maido shi fes. Na duba, na sake dubawa, sai ga baƙuwa mai santsin kumatu. Askar gidansu Inna, wadda nake bi da yatsa ina ƙarama, ta tafi tare da karcen.

Na ce, "Yaya, ina zanenta?"

"Wayyo ni! Wallahi na ɗauka gara ce!"

Har yanzu ina koyon gogewa da hannuna, layi-layi, kafin ɗiyata ta isa tambayar kakarta. Don Allah, in an ba ku tsohon hoto ku gyara, ku tambayi mai shi wane layi ne ɓarna, wane ne na mutum.