Rufe Littafin, Ba Ni Labari: Shekara Tara Bayan Malam Ilu

Da damunar nan mahaifina, Malam Ilu, ya cika shekara tara da rasuwa. Ya koyar a wata firamare da ke Kutama har ya yi ritaya, ni kuma na gaje shi, ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a yankin Kabo. Duk shekara waina kawai muke sadaka, mu yi masa addu'a. Bana na ɗauki biro, saboda na aikata abin da, da yana raye, ba zan iya haɗa ido da shi ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya zauna ajinsa ya sani. Ba ya ba da maki a aikin gida sai ya kira mai aikin gaban tebur, ya ɗora hannu a kan littafin, ya ce, "Rufe shi, ba ni labari." In yayanka ne ya yi maka, kafin jimla ta uku ka fara sosa ƙeya. In kai ka yi, ko da in'ina za ka kai ƙarshe. Abokan aikinsa kan tsokane shi wai kafin ya gama duba littattafan aji ɗaya gero ya nuna. Ni kuwa Uwar Garaje yake kirana, kuma wallahi bai yi min ƙarya ba.

Bara aka tura mu bita Kano kan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin nan da ke rubuta maka duk abin da ka tambaye su. Aka yi mana bayanin shirin gwamnati na shigar da ita makarantu, da ƙa'idojin da hukumomin duniya suka shimfiɗa: a kare bayanan yara, kada a sakar wa ƙanana ita su kaɗai, hukuncin ƙarshe kuma ya zauna a hannun malami. Magana ce mai kyau, ba ni da ja, ko da yake ina shakkar masu rubuta ta sun taɓa tsayawa gaban ajin da wasu ke zaune a bakin taga don ba benci. Abin da na dawo da shi daga bitar shi ne wata manhaja da wani abokin aiki ya saka min a waya, wai tana gane rubutun na'ura. Na ce madalla, hutu ya samu. Makarantarmu ma ta kafa doka cewa duk wadda ta kawo aikin na'ura ta rasa makin zangon.

Akwai wata ɗalibata, Rifkatu, 'yar wani tela ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe a Kabo. Ta kawo insha'i kan yadda ta taya maƙwabciyarsu, wata tsohuwa 'yar garin Gude, matsar man gyaɗa. Rubutun ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Na nuna wa manhajar, ta ce na'ura ce. Na ba Rifkatu sifiri, na kira sunanta a taron safe. In babu makin zangon, ba za ta wuce zuwa aji na ƙarshe ba, babanta kuma ya riga ya ce in ta maimaita aji, to ta dawo shago ta zauna kan keken ɗinki. Ta same ni a ofis ta ce, "Malama, ni na rubuta." Na juya mata fuskar waya kamar alƙali ne ya yi magana.

Sai ƙarshen mako da na je gida Gwarzo nake ba Inna, mahaifiyata, labari, har da ɗan alfahari. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Kin sa ta rufe littafin?" Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Ranar Litinin na kira Rifkatu, na ɗora hannu a kan takardar. Ta faɗi yadda tsohuwar ke ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har man ya taso, ta nuna min tabon ƙuna a hannunta daga suyar ƙuli-ƙuli. Na mayar mata da makinta, na ba ta haƙuri a taron safen da na tozarta ta.

Na sha tambayar kaina me Baba zai ce da wannan zamani. Ba na jin zai ƙi na'urar, mutum ne mai son sabon abu. Ina ganin takardar ƙa'idojin zai karanta har ƙarshe, ya ja jan biro a ƙarƙashin layin da ya bar hukunci a hannun malami, sannan ya miƙo min. Takardar ba ta ce in daina sanin ɗalibata ba, ni na ga dama.

Rifkatu ta wuce zuwa aji na ƙarshe. Amma da ta kawo insha'inta na gaba na ga kurakuran da na tabbata ta fi ƙarfinsu. Na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, yanzu ina barin biyu ko uku ne, don kada a ce ba ni na rubuta ba."

Har yau dattawa masu furfura da suka zauna ajin Baba kan tare ni a kasuwar Gwarzo, su ɗora hannu a kan buhu suna kwaikwayon muryar Baba, su yi dariya, su yi masa addu'a. Abin da ya bari ke nan, mutanen da ba sa tsoron faɗin abin da suka sani. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makoma. Ni kuwa duk mako ina zagaye kurakuran Rifkatu da jan biro, na kuma san wadda ta koya mata su.