Kofin filasko

Tun da na haihu cikina ya daina yi mini biyayya. Yau ya kumbura kamar tulu, gobe ya tsinke, jibi ya kulle. Duk garinmu Guci kuwa kowa ya zama likita a kaina. Uwar mijina, da nake kira Iya, ita ce babbarsu. Maganinta ɗaya ne, tafasasshen ganyen filasko, a wanke ciki tas. Tana kuma jira in yaye 'yata ta wanke mata nata, don kada ta gaje ni. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, don yarinyar 'yar firit ce.

Wata ranar kasuwa na hau kabu-kabu na je wurin majo, babban ma'aikacin asibitin Dungas. Ya danna cikin, ya ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba tsutsa ba ce, kuma abin da suke fitarwa yana taimakon hanji ya natsu. Masu bincike, in ji shi, har yanzu ba su gama gane su ba. Madalla, ashe ba ni kaɗai ce ban gane ba. Ya ce in bar filasko da ƙwayoyin da nake saye wurin mai tebur, in gwada nono mai tsami kaɗan-kaɗan, amma bai yi mini alkawarin warkewa ba. Yarinya kuwa, ya ce kada a kuskura a ba ta filasko.

Da na faɗa wa Iya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wato ƙwari ne a cikinki, kuma ya ce ki riƙa dama musu fura? Sannu, uwar kiwo."

Ranar yaye Iya ta shigo da kofi, ganyen na tururi, ta ce in riƙe hannun yarinya. A gidan nan suruka ba ta cewa a'a. Na ce, "Iya, bari ya huce, zan ba ta da kaina." Tana juyawa ta kori akuya daga bakin turmi, na kafa kai na shanye shi duka.

Yarinya ta wuni tana wasa da ƙasa. Ni na wuni ina zarya bayan gida da buta. Iya tana zaune a inuwa, tana gaya wa maƙwabta cewa ga abin da nonon majo ya jawo mini, ita kuwa jikarta, da ta sha na gida, ko gezau.